Sana'ar Hannu: Yadda ake ƙara wa majinginin injin tsaga katako tsayi

 Da yawa daga cikinmu a Baure da Zango da Daura, da an tashi daga makaranta ko an yi hutu, shagon kafinta muke nufa. Wasunmu kuma aikin katako na cikin darussan da za mu rubuta a WAEC ko NECO ko NABTEB. Don haka yau za mu tsaya a kan injin tsaga katako, wato teburin nan da faifan zarto ke leƙowa ta tsakiyarsa.

A gefen faifan akwai wani miƙaƙƙen ƙarfe ko katako da ake jingina abin da za a tsaga, domin yankan ya tafi a miƙe. Mu kira shi majingini. Tsayinsa yawanci bai wuce inci uku ba, kuma ya wadatar idan katakon a kwance yake. Matsalar tana zuwa ne idan aiki ya buƙaci a tsayar da katako a kan gefensa, kamar lokacin da za a yanka kwarmin da allon ƙofa zai zauna a ciki, ko za a raba katako mai faɗin inci shida gida biyu ta kaurinsa. Rabinsa ko fiye yana sama babu abin da ya tallafe shi. Da hannu ya ɗan karkata, sai katakon ya matse faifan, haƙoran baya su ɗauke shi su jefo wa mai turawa. Hannun da ke riƙe da shi kuwa, faifan zai nufa.

Mu ɗan yi lissafi irin na aji. Faifai mai faɗin santimita 25, kewayensa 3.14 sau 25, wato santimita 78.5. Idan yana juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, kowane haƙori na tafiyar mita 3,140 a minti, kusan kilomita 188 a awa. Babu direban da zai yi wannan gudu a hanyar Baure zuwa Daura ya kai gida lafiya, kuma babu hannun da zai riga wannan haƙori janyewa.

Maganin shi ne a ɗaura wa majinginin wani allo mai tsayi, kamar santimita 20 zuwa 30, tsawonsa daidai da na majinginin. Filawud mai kaurin milimita 18 ya fi dacewa. Dalili kuwa, yawancin katakon da muke aiki da shi daga Kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima. Da ya sha hunturunmu sai ya bushe ya lanƙwashe. Filawud an jera ɓawonsa ne a gicciye, shi ya sa ya fi jure zama a miƙe. Allon da ya yi doro kuwa, gara ma babu shi.

Kafin a taɓa komai, a kashe injin a zare filogi. Ba don an ɗauke wuta ba za a ce an huta, domin tana iya dawowa hannu na kan faifai.

Idan majinginin yana da huda, a sa noti ta ciki a ɗaure allon. Injin da maƙeranmu suka haɗa da ƙarfen kwana, huda biyu ko uku ba wuya ba ne a yi masa. Abin lura shi ne kan notin ya nutse cikin filawud ɗin, kada ya fito ko kaɗan, in ba haka ba katako zai sarƙe a tsakiyar yanka. Idan ba a son huda, a haɗa filawud uku kamar sirdi, ya hau kan majinginin ya zauna daram ba tare da girgiza ba. Akwai masu matse allon da ƙarfen matsi, yana yi, muddin ƙarfen bai tare hanyar katako ba. Amma buga ƙusa biyu a ce an gama, wannan ba mu yarda da shi ba, domin karkarwar inji na sassauta ƙusa.

Sai gwaji, kuma a nan aikin yake. A ɗora sukwaya a kan teburin a jingina da allon, a gaba da tsakiya da baya. Idan haske na wucewa ta sama ko ta ƙasa, allon ya karkata, sai a cusa 'yar takarda a bayansa har ya miƙe. Kuskuren da ba a gani a inci uku, a santimita 30 fili yake fitowa. Sannan a auna tazarar allon da faifan ta gaba da ta baya. Su zo daidai, kada bayan ya fi matsewa ko da gashi ɗaya. Kuma tunda allon ya ci milimita 18, lambobin awon da ke jikin injin sun daina faɗin gaskiya. Daga fuskar allon zuwa haƙori za a riƙa aunawa da tef.

Dogon majingini yana hana katako faɗuwa ne kawai, bai hana yatsa kusantar faifai ba. Sandar turawa dole ce a ƙarshen yanka. A tsaya a gefe, ba a saitin faifan ba. A naɗe hannun riga, a ajiye babbar riga da mayafi mai lilo. Guntun katako kuwa, kada a tsayar da shi a kan bakinsa a tura da hannu, komai tsayin majinginin. A Amurka wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro injin SawStop a 1999, wanda ke tsayar da faifai cikin ƙiftawar ido da ya taɓa fata. Namu na shago ba ya tsayawa.

Haɗa allon da gwada shi da sukwaya aiki ne da ɗalibi zai iya yi da inji a kashe, kuma maigida zai ji daɗi. Kunna injin da tura katako kuwa, sai da izinin maigida ko malamin aikin katako, yana tsaye a wurin. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yanka sandar turawa daga ragowar filawud ɗin.