Ruwa Ya Samu Hanya, Mai Ruwa Yana Jiran Mota

Birnin Venis na ƙasar Italiya a kan ruwa yake zaune, magudanai ne titunansa. Duk da haka, tun 1846 jirgin ƙasa ke shiga cikinsa ta kan gada mai tsawon kusan kilomita 4, a 1933 kuma aka gina wa motoci tasu gadar a gefenta. Mutanensa sun gane cewa garin da isa gare shi ke da wuya, arzikinsa a hannun wasu yake ƙarewa.

Kudancin Kano ma ƙasar magudanai ce. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, a ƙasar Bebeji take, kuma daga gare ta ruwa ke gangarawa zuwa Kadawa, Kura da Bunkure ya rayar da shinkafa, alkama da tumatir. An shata wa ruwan hanya, yana isa gona a kan kari. Manomin Tudun Wada da ɗan kasuwar Doguwa kuwa sai su zauna a tasha har mota ta cika, sannan direba ya yanka kuɗin da ya ga dama. Mai bin hanyar Jos kuma lissafinsa ɗaya ne: ya ratsa dajin Falgore kafin rana ta faɗi.

Abin takaicin shi ne, dogo bai ƙaurace wa yankin ba. Layin da ya iso Kano a 1911 ta ƙasar Kiru ya ratsa, amma jirgin fasinja a kansa ya zama labarin da tsofaffi ke bai wa jikoki. A 2021 aka aza harsashin sabon layin Kano zuwa Kaduna. In jirginsa zai wuce ne kawai ya bar wa ƙauyuka ƙara da ƙura, to an maimaita rashin adalcin da aka saba, sai dai da ƙarfe mai tsada.

Masu kare wannan hali sukan ce fasinjan karkara bai kai ya riƙe jirgi ko bas mai tsayayyen lokaci ba. Hujjar a kife take. Ba a ƙirga masu tsallake kogi kafin a gina gada. Kwandon tumatir da ya ruɓe a bakin titi fasinja ne da aka ƙi ɗauka, haka ma mai naƙudar da ta haƙura da asibiti saboda dare ya yi.

Buƙatar ba ta da yawa: tashar jirgi da wurin lodin kaya kusa da Kwanar Ɗangora, inda hanyar Zariya da ta Jos suka rabu, da bas-bas na gwamnatin jiha masu tashi a kan lokaci zuwa Doguwa, ko sun cika ko ba su cika ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su ne ya kamata a tsare da wannan tambaya kafin su dawo neman ƙuri'a. Ƙasar da ke shayar da gonakin Kano ba alfarma take roƙo ba, bashi take bi.