Direba Ya Sha Ƙwaya, Rediyo Ta Rufa Masa Asiri

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Dakoro da asubahin ranar kasuwa, ya ga yadda ake ɗaure buhunan gero da wake bisa mota har ta karkata, sa'an nan a aza bayin Allah bisa kaya, ya kuma ga direban da ya kwana a hanya yana jefa tramol cikin shayi domin korar barci, to ba ya bukatar a faɗa masa abin da ke cin rayuka a hanyar Tibiri da Maraɗi. Ƙwayar nan, wadda likita ke bayarwa miligiram 50 ko 100 ga mai ciwo, ita ce ake fasa-ƙwaurinta mai 225, ana sayar wa 'yan kabu-kabu a tebur, alhali tana dusashe hankali, wani lokaci ma ta jefa mutum cikin farfaɗiya yana riƙe da sitiyari.

Malamanmu ba su bar mas'alar nan a duhu ba, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora lamuni a kan mahayi da mai kora da mai ja game da abin da dabbarsu ta taka. Ina ga wanda ya gusar da hankalinsa da gangan, kana ya ɗauki amanar rayuka?

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne halin kafofin labarai. Idan motar wani babba ta faɗi kusa da Yamai, za a ambaci sunansa da muƙaminsa, a kwana ana ta'aziyya. Idan kuwa talakawan Kornaka ko Birnin Lalle ne, sai a ce mutum kaza sun rasu, taya ce ta fashe, Allah ya jiƙansu. Na san tun da aka dakatar da RFI a 2023, da BBC a 2024, 'yan jarida na taka-tsantsan da harshe, kuma ina yi musu uzuri a sha'anin siyasa. Sai dai tambayar jandarma kan ko direba yana cikin hayyacinsa ba siyasa ba ce, kuma barinta saboda mai motar attajiri ne mai sayen talla ɓoye shaida ne, wanda shari'a ta haramta. Da wannan shirun ne ake sallamar matar mamaci da marayunta da kalmar haƙuri, ba diyya, ba bincike, direba kuwa ya koma tasha kafin sadakar bakwai.