Kayan aro ba ya rufe katara

Ranar 23 ga watan Satumba na 2024, kwamitin mutum 5 mai tsara dokokin Commander, wani salon wasan katin Magic, ya haramta kati 4. Kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ne ya fito da wasan tun 1993, kuma katunansa haja ce: ana saye, ana ajiyewa, ana jiran farashi ya tashi. Mana Crypt, ɗaya daga cikin huɗun, ya haura dalar Amurka 100 kafin hukuncin. Cikin ƴan kwanaki kuɗinsa ya faɗi warwas.

Kwamitin ya ce katunan suna ba mai su rinjaye tun farkon wasa, sauran ƴan wasa su koma ƴan kallo. Hujja ce mai ƙarfi. Mun kuma san zafin asarar masu shaguna da suka wayi gari da kayan da ba mai taya su. Amma ba mu yarda da zagi da barazanar kisa da wasu suka yi ma ƴan kwamitin ba. Mi suka samu? Ranar 30 ga watan, kwamitin ya miƙa ragamar ga kamfanin. Mai buga katin, mai saida shi, shi ya zama alƙalin wasan.

Ƴan kasuwa, maza da mata, akwai darasi a nan. Duk hajar da darajarta ke rataye ga sa hannun wani, ta aro ce. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa cikin Janairun 1994 shaida ne. Kada mu zuba jarinmu duka cikin irinta.