Mu Fara Wa Yaro Da Harshen Da Yake Ji

A wannan fili muna so mu taɓo wani abu da ya daɗe yana damunmu, mu da muke karɓar sababbin ɗalibai a aji ɗaya na ƙaramar sakandare kowace shekara. Da yawa daga cikin yaran nan daga makarantun firamare na ikkilisiyoyinmu suke fitowa, saboda haka maganar ta cikin gida ce.

Ga abin da muke gani. Yaro zai zo da tufafin makaranta masu tsabta da takardar sakamako mai kyau. In ka ce ya kawo ayar haddace da Turanci, sai ya zubo ta tiryan-tiryan. In ka tambaye shi jihohi 36 da manyan biranensu, ba zai yi tuntuɓe ba. Amma ba shi sakin layi ɗaya ya karanta, sa'an nan ka rufe littafin ka ce ya gaya maka abin da ya ji, da kowane harshe ya ga dama, sai ya sunkuyar da kai. Miƙa masa Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ake karantawa a kunnensa kowace Lahadi tun yana goye, sai ya tsaya yana haɗa baƙaƙe. Turanci bai zauna ba, Hausa ma ba ta samu ba. Yaron ba shi da laifi. Abin da aka ba shi ne ya kawo mana.

Ba haka aka fara da kakanninmu ba. 'Yan mishan na SIM sun iso ƙasar nan a 1893, na SUM sun sauka Wase a 1904, waɗanda suka kafa aikin da ya zama EYN kuwa suka fara a Garkida a 1923. Duk inda aka buɗe ajin karatu, ko a gindin itace ne, nufin ɗaya ne, wato mutum ya iya karanta Maganar Allah da kansa, ya kuma gane ta. Shi ya sa suka duƙufa ga rubuta harsunanmu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na CMS a Zariya ya yi wa wahala ƙwarai. A 1934 aka buɗe makarantar Gindiri, inda aka horar da malamai da masu bishara da Hausa, suna karatu suna kuma noma. Tsofaffinmu da yawa ba su wuce aji huɗu ba, amma suna rubuta wasiƙa, suna riƙe lissafin baiko, suna bi da sujada. Ba mu ce kome na wancan zamani daidai yake ba. Bulala ta yi yawa, rashin isasshen Turanci kuma ya tsai da masu basira da dama a hanya. Amma wanda aka ce ya iya karatu, to, ya iya.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun mishan, aka kuma soma shirin ilimin firamare kyauta a 1976. Daga baya ikkilisiyoyi suka koma buɗe nasu makarantun na kuɗi. Nan gasa ta shigo. Iyaye suka fara auna makaranta da yawan Turancin da yaro ke yi in ya dawo gida. Makarantu kuwa, don kada su rasa yara, suka hana abin da suke kira “banakula”, wato harshen gida. Har akan sa wani yaro ya rubuta sunayen masu yin Hausa don a ci su tara ko a sa su durƙuso. To, ku duba ɗan shekara biyar da bai san kome ba sai Hausa, ko Birom, ko Bura, ko Tangale. An ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya: koyon karatu da koyon baƙon harshe. Ba abin da ya rage masa sai hadda, malama ta faɗa, aji ya amsa.

Wani zai ce, ai da Turanci ake rubuta jarrabawa, da shi ake neman aiki. Gaskiya ne, mu ma muna so yaranmu su ƙware a Turanci fiye da mu. Tambayar ita ce, wace hanya ce ta fi kai su can? A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara 6, Turanci kuma yana darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran nan ba su kāsa takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Dalilin a fili yake. Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Yaron da ya gane da harshensa cewa baƙaƙe suna ɗauke da magana mai ma'ana, da wannan sanin zai shiga kowane harshe.

Gwamnati kanta ta yi ta sauya ra'ayi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa dukan shekaru 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi ya sanar da soke shi, aka koma Turanci. Ba mu ce makarantunmu su yi wa hukuma tawaye ba. Amma ikkilisiya tana da nata dalilin da ya girmi waɗannan dokoki. A ranar Fentikos kowa ya ji bishara da harshen da aka haife shi a ciki. Da Filibus ya tarar da mutumin Habasha yana karatun Annabi Ishaya, abin da ya fara tambayarsa shi ne ko yana fahimtar abin da yake karantawa. Makarantar da ke ɗauke da sunan Almasihu ya kamata ta riƙa yi wa kowane yaro wannan tambaya.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikkilisiya da shugabannin makarantunmu abu huɗu. Na ɗaya, a daina horon yaro don ya yi harshen iyayensa. Na biyu, a ba darasin karatun Hausa, ko na yaren garin inda akwai littattafansa, lokaci kowace rana daga aji ɗaya zuwa uku, a hannun malamin da ya iya rubuta shi daidai. Na uku, a darasin Littafi Mai Tsarki da na lissafi, malami ya sami 'yancin yin bayani da harshen da yara ke ji, kada kuma a karɓi ayar haddace sai yaro ya faɗi ma'anarta da bakinsa. Na huɗu, Makarantar Lahadi da Zumuntar Mata su taimaka da ajin karatu, kamar yadda aka yi a dā.

Iyaye, in yaro ya dawo gida, ku tambaye shi abin da ya gane yau, ya gaya muku da harshen da kuke ci da sha da shi. Ku kuma ɗalibai, hutu ya zo. Kowannenku yana da ƙane ko ƙanuwa a firamare. Ku zauna da su da yamma, ku buɗe Bisharar Markus da Hausa, ku karanta tare aya biyu ko uku, ku bar su su ba ku labarin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.