Littattafan 'Yan Asalin Ostireliya: Wa Ke Da Ikon Faɗa Wa Mutum Ko Shi Wane Ne?

Da yawa daga cikinmu da zarar sun ji an ambaci kalmar "ɗan asalin ƙasa" sai gabansu ya faɗi, domin da ita aka saba rufe mana ƙofa wajen neman makaranta ko aikin gwamnati. Wannan ya sa wasunmu ke kawar da kai daga duk littafin da ke magana a kan 'yan asalin wata ƙasa, suna ganin makami ne da aka wasa dominmu. A ra'ayinmu wannan kuskure ne babba. Za mu kafa hujja da littattafan da aka rubuta a kan al'ummar Aborijin ta ƙasar Ostireliya, musamman waɗanda su da kansu suka rubuta.

Masana sun tabbatar cewa mutanen nan sun fi shekara 50,000 suna zaune a wannan nahiya, kuma suna da harsuna sama da 250 a lokacin da jiragen ruwan Ingila suka sauke mutanensu a inda birnin Sidni yake a 1788. Duk da haka dokar Turawa ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita. A kan wannan ƙarya aka zauna har ranar 3 ga Yuni, 1992, lokacin da Babbar Kotun ƙasar ta rushe ta a shari'ar Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer da ya shigar da ƙara tun 1982, ya kuma rasu watanni kaɗan kafin a yanke hukunci.

Littafi na farko da muke so a nema shi ne My Place na Sally Morgan, wanda ya fito a 1987. Marubuciyar ta tashi a birnin Fat da ke yammacin ƙasar, mahaifiyarta tana ce mata asalinsu mutanen Indiya ne. Sai da ta kai kimanin shekara 15 ta gano cewa jinin Aborijin ne a jikinta. Tsoro ne ya sa mahaifiyarta da kakarta suka ɓoye mata, domin sun san hukuma na iya raba uwa da 'ya'yanta saboda launin fata kawai. Morgan ta zauna da dattawan gidansu, ta ɗauki bayanansu, ta bi sawu har yankin Filbara inda danginta suka fito. Abin lura a nan shi ne, zalunci yakan kai matsayin da wanda aka zalunta zai riƙa share asalinsa da hannunsa don ya kuɓutar da 'ya'yansa.

Na biyu shi ne Follow the Rabbit-Proof Fence na Doris Pilkington Garimara, na shekarar 1996. Labarin mahaifiyarta Molly ne, wadda a 1931 hukuma ta ɗauke ta tare da 'yan uwanta mata biyu ƙanana daga Jigalong, aka kai su sansanin Kogin Moore don a koya musu aikatau a gidajen Turawa. Yaran nan suka gudu, suka bi shingen wayar da aka kafa don tare zomaye, suka yi tafiyar kusan kilomita 1,600 a ƙasa cikin kimanin mako tara. Biyu sun isa gida, ɗaya aka sake kama ta. Rahoton hukuma mai suna Bringing Them Home na 1997 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1910 da 1970 an raba aƙalla yaro ɗaya cikin goma, wataƙila ma har ɗaya cikin uku, da iyayensa. Sai a ranar 13 ga Fabrairu, 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara.

A wancan zamani jami'in gwamnati ne ke yanke hukunci ko kai wane ne, yana auna jininka kashi-kashi a takarda. Wasu jihohi suna ba da wata takardar shaida da ke 'yanta Ba'aborijine daga dokokin da suka ɗaure shi, amma bisa sharaɗin ya bar al'adarsa ya nisanci danginsa. Mashahurin mai zanen nan Albert Namatjira, wanda zanensa ya kai har fadar Ingila, sai a 1957 aka ba shi cikakken 'yancin ɗan ƙasa a ƙasar kakanninsa. Shekara ɗaya bayan haka aka yanke masa hukuncin ɗauri saboda wani ɗan uwansa da ba shi da irin wannan 'yanci ya sha barasa ta hannunsa. Ya rasu a 1959.

Game da zane kuwa, littattafan masanin nan Howard Morphy, irin su Ancestral Connections na 1991 da Aboriginal Art na 1998, sun nuna cewa abin da baƙo ke kallo a matsayin ado, a wurin masu shi takardar gado ce. Kowane dangi na da nasa zanen da ke nuna rijiyoyinsa da hanyoyinsa da iyakar ƙasarsa, kuma ba kowa ke da izinin zana shi ba. A 1963, da gwamnati ta yanka ƙasar al'ummar Yolngu ta ba masu haƙar ma'adinai ba tare da shawara da su ba, mutanen Yirrkala sun aika wa majalisar tarayya koke cikin harshensu da Turanci, a manne kan ɓawon itace da aka kewaye da zanen danginsu. Sun sha kaye a kotu a 1971, amma wannan koke ya share hanyar dokar mallakar ƙasa ta 1976 a Yankin Arewa. A 1971 ɗin ne kuma wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawan Papunya gwiwa su mayar da zanensu na kan rairayi bisa allo, suka kafa kamfaninsu na kansu a 1972.

Ba muna cewa duk abin da aka buga a littafi gaskiya ba ne. Dark Emu na Bruce Pascoe, wanda ya fito a 2014, ya yi iƙirarin cewa Aborijin manoma ne tun kafin zuwan Turawa, amma a 2021 masana biyu, Peter Sutton da Keryn Walshe, suka fitar da nasu littafin suna cewa ya wuce gona da iri, kuma farauta da tsintar abinci a daji ilimi ne mai zurfi da ba ya buƙatar a sauya masa suna kafin a girmama shi. Mai karatu ya karanta duka biyun ya auna.

To, ina ruwanmu? Da farko dai kada mu yi wa kanmu ƙarya. Halinmu da na Aborijin ba ɗaya ba ne. Su da bindiga aka ci ƙasarsu, mu kuwa fatauci, na goro da na shanu da sauransu, shi ya kawo kakanninmu garuruwan da muke ciki, kuma 'yan ƙasa muke a cikin ƙasarmu. Haka nan duk wanda ya kwatanta mu da Turawan da suka mamaye Ostireliya ya yi wa tarihi ƙazafi. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a inda ya so, sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali. Amma sashe na 147 ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci ba tare da an fayyace ma'anar kalmar ba, aka bar ta a hannun mai sa hannu a takardar ƙaramar hukuma. A nan ne littattafan nan suke taɓa mu: duk inda aka ba wani jami'i ikon yanke wa mutum asali da alƙalami, to an buɗe ƙofar zalunci, ko da wane suna aka kira ta.

Darasi na biyu ya fi ɗaci, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Wanda ya karanta yadda harsuna suka mutu a Ostireliya zai fahimci fargabar ƙananan ƙabilun da muke maƙwabtaka da su, waɗanda ke ganin harshensu na ja da baya, filayensu na ƙarewa. Wannan fargaba ba ta halatta a hana ɗanmu gurbin karatu ba, amma raina ta ba zai kai mu ko'ina ba. Mai neman a ji kukansa, dole ya koyi sauraron na wani.

Na uku, wa ya rubuta namu? Littafin da aka fi sani a kan Sabon Ibadan, unguwar da aka kafa a 1916, shi ne Custom and Politics in Urban Africa na Abner Cohen, wanda ya fito a 1969. Aikinsa yana da amfani, amma idon baƙo ne. Sally Morgan da Doris Pilkington ba su jira wani ya zo daga waje ba. A bakin iyayensu da kakanninsu suka samo abin da suka rubuta. Dattawanmu da suka san shekarar da aka gina zangon farko, da sunan sarkin da ya ba da filin, da yarjejeniyar da aka ƙulla, kullum raguwa suke yi.

Saboda haka muna kira ga rassanmu da su tanadi waɗannan littattafai a ofisoshinsu, tare da na tarihin al'ummomin da muke zaune da su. Muna kira ga ɗalibanmu su ɗauki wayoyinsu su zauna gaban tsofaffi su naɗi bayanansu, a rubuta, a ajiye. Masu hannu da shuni su ɗauki nauyin bugawa da fassarawa zuwa Hausa. A ƙuri'ar raba gardama ta 1967 sama da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe a Ostireliya sun amince a riƙa ƙirga Aborijin cikin jama'ar ƙasa, amma a ta 2023 kusan kashi 60 suka ƙi amincewa a kafa musu majalisar ba da shawara a tsarin mulki. Wannan ya isa ya nuna mana cewa neman haƙƙi doguwar tafiya ce, kuma al'ummar da ta rubuta tarihinta ta fi jure mata. Allah ya sa mu gane, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.