Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Muhalli: A Jawo Ƙungiyoyin Karkara Cikin Aikin Raya Dazuka

Mai girma Minista,

Na rubuto ne kan makomar bishiyoyi a jihohin da hamada ke ci, tun daga Kebbi har Borno.

Ranka ya daɗe, ba hukuma ko kuɗi muka rasa ba. Tun 2015 aka kafa hukumar kula da shirin katangar bishiyoyi ta Afirka, mai aiki a jihohi 11. A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai kula da dashe bayan an tashi daga bikin shuka. Tsiron da aka dasa a watan Agusta ba ya ganin Afrilu sai da mai ba shi ruwa, mai kare shi daga awaki, wanda kuma ya tabbata amfanin zai shigo gidansa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane haka. A shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara barin tohon tsofaffin kututturai a gonakinsu, su zaɓi masu ƙarfi su sassabe sauran. Ƙungiyoyi da kwamitocin ƙauye ne suka yaɗa dabarar daga gona zuwa gona, kuma ta samu gindin zama ne da manomi ya ga bishiyar da ya rena tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji ba. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina don haka ba ya hana gero rana, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi.

Don haka nake roƙon abu uku. Na farko, a ware wani kaso na kuɗin dashe ga ƙungiyoyin manoma, mata da makiyaya na cikin garuruwan, a riƙa biya bisa yawan bishiyoyin da suka tsallake rani. Na biyu, a haɗa kai da gwamnoni da sarakuna a rubuta wa kowane gari haƙƙinsa a dajin da yake tsaro: wa zai sari itace, wa zai ɗebi ƙaro, ina burtali ya bi. Na uku, a nema wa ƙaro, garin kuka, zogale, man kaɗe da zuma kasuwa, domin wanda ke cin kuɗin bishiya ba ya mayar da ita gawayi.

Sai dai a yi tankaɗe da rairaya. Akwai ƙungiyoyin da ofishinsu bai wuce cikin jakar shugabansu ba. Kafin a sa hannu da kowace, a tambayi dagaci da matan garin ko sun taɓa ganin aikinta, a kuma karanta wa jama'a lissafin kuɗin a bainar kowa.

Ranka ya daɗe, ana renon tsiro ne tun rani. Ina roƙon a tantance ƙungiyoyin nan, a sa hannu da su kafin damina mai zuwa ta sauka.

Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani mai kishin karkara