Waiwaye Adon Tafiya: Ƙauyen Ingila A Bakin 'Yar Magini

A wannan mako zan ɗauke ku zuwa wani ɗan ƙauye a ƙasar Ingila, dalilin tafiyar kuwa wata tambaya ce da ɗana ya yi mini ran nan da dare, na kasa amsawa. Cewa ya yi, "Baba, wane ne kakan kakanka, kuma mece ce sana'arsa?" Na yi tsuru-tsuru, domin wadda ta san amsar, watau kakata, yau shekara uku ke nan da muka kai ta makwancinta. Ni da nake yawo da na'urar ɗaukar magana ina bin 'yan siyasa lungu-lungu, ban taɓa zama gabanta na ɗauki maganarta ko ta minti goma ba. Cikin wannan juyayi na tuna da wata Baturiya wadda ta yi wa ƙauyensu abin da ni na kasa yi wa gidanmu.

Sunanta Flora Thompson. An haife ta a watan Disamba na 1876 a Juniper Hill, wata 'yar unguwa mai gidaje kamar talatin a lardin Oxford. Ubanta magini ne mai aiki da dutse, amma galibin maƙwabtansu 'yan ƙwadago ne a gonakin masu ƙasa. Ta yi makaranta a ƙauyen Cottisford da ke kusa, tana da shekara goma sha huɗu ta bar gida ta kama aiki a gidan waya na ƙauyen Fringford. Sai da ta haura shekara sittin sannan ta fitar da labarin ƙuruciyarta, a littafin da ta kira Lark Rise, a 1939. Biyu suka biyo baya a 1941 da 1943, aka haɗe su wuri guda a 1945, ita kuwa ta rasu a 1947.

Mu nan da zarar an ce Ingila, sai zuciya ta tafi Landan da fadar sarauta. To, ga Ingilar da wannan baiwar Allah ta tashi a ciki. Magidanci zai yi mako guda yana noma gonar wani a biya shi sule goma, kuma dattawanmu da suka ga zamanin fam da sule, kafin zuwan naira a 1973, sun san iyakar abin da sule goma za ta yi wa mai iyali. A ciki zai biya hayar gida, ya ciyar, ya tufatar. Ruwa sai an je rijiya, in rani ya yi tsanani a yi tafiya a ɗebo. Bayan an girbe alkama mata da yara sukan fita kala, kamar dai yadda ake yi a karkararmu, abin da suka tsinto a niƙa a sami garin da za a rage sanyin hunturu da shi. Yarinya kuwa da ta kai shekara goma sha biyu ko sha uku, sai a ɗaure mata 'yan tsummokaranta a tura ta aikatau gidan masu hali, don a rage baki a gida, ta riƙa aiko wa uwarta ɗan abin da ta samu.

Abin da tsofaffi suka fi tsoro shi ne gidan gajiyayyu, inda hukuma ke tara waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, a raba miji da matarsa. Shi ya sa da aka fara biyan fanshon tsufa a 1909, sule biyar a mako ga wanda ya kai shekara saba'in, Flora ta ba da labarin tsofaffi suna zuwa gidan waya karɓa da hawaye a idonsu, har su kawo wa yarinyar da ke miƙa musu kuɗin furanni da 'ya'yan itatuwa daga lambunsu. Ƙanenta Edwin, abokin wasanta, an kashe shi a Beljiyam a 1916 cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sunansa yana nan rubuce a majami'ar Cottisford cikin jerin 'yan ƙauyen da ba su dawo ba.

Wani zai ce ai Ingilishi mutanen takarda ne, ko ba ta rubuta ba tarihin yana nan. Gaskiya ne suna da takarda. Tun 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa da kanta, kana daga ƙidayar 1841 aka shiga rubuta sunan kowane mutum gida-gida. Ana rufe takardun ƙidaya shekara ɗari kafin a buɗe wa jama'a, shi ya sa ta 1921 sai a 2022 ta fito. Da waɗannan ne Bature ke bin salsalarsa kaka da kakanni.

Amma fa takarda iyakarta ta ce maka wane, shekara arba'in, ɗan ƙwadagon gona. Ba za ta gaya maka abin da ya ci da dare ba, ko yadda matarsa ta ji ran da 'yarta ta tafi aikatau. Har ila yau takarda tana ƙonewa: ƙidayar 1931 ta Ingila da Wales gobara ta cinye ta ƙurmus a 1942, ta 1941 kuwa ba a yi ba saboda yaƙi. Ita ma tunawa tana da nata aibu, domin Flora ta sauya sunayen mutane da wurare, ta kira kanta Laura, kuma masana sun lura ta sassauta wasu abubuwa masu ɗaci. Saboda haka sai an gwama biyun, takarda ta ba da suna da shekara, bakin tsoho ya ba da rai.

Mu ma mun taɓa dacewa da irin wannan. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, watau tsarar Flora, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta ba ta labarin aure da ƙawance da harin bayi da zuwan Turawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk wannan ya bi ta kabari. Abin tambaya shi ne, tsofaffi nawa irinta muka binne tun daga lokacin, alhali kowannenmu yana da wayar da ke ɗaukar magana a aljihunsa?

Don haka, malam mai karatu, ga roƙona. Idan Allah Ya bar maka kaka ko gwaggo ko kawu mai shekaru, je ka gaishe su a wannan mako, ka nemi izni ka kunna wayarka. Tambaye su daga ina aka taso, wa ya haifi wa, me ake nomawa, wace yunwa suka gani, nawa aka biya sadakinsu. In ka dawo ka rubuta a littafi, ka sa kwanan wata, ka ba 'yan'uwa su kwafa, kada ya zauna a hannu ɗaya. Ni dai akwai sauran ƙanen kakata a ƙauye, ya tsufa ƙwarai amma hankalinsa garau, kuma na ƙudura ranar Asabar zan hau mota in je, tare da ɗan nan nawa mai tambaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.